Wanda Ya Haɗa Tsohon Inji da Sabon Giyabos Ya Bar Mana Rubutu

Sunan da ke goshin mota ba ya gaya wa mai sayar da kayan kuloci komai a Umdurman. Mutum zai tsaya a bakin shago ya ce, "Alhaji, ba ni farantin kulocin Land Rover." Ka ɗauko masa na Land Rover, sabo fil a kwalinsa, ya biya ya tafi. Kafin la'asar sai ga yaron gareji ya dawo da shi, wai ya ƙi shiga. Mai motar bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka cuce shi ba. Motar Land Rover ce, injinta ma haka, amma giyabos ɗin da ke bayan injin wani usta ne, wato babban makanike, ya ɗaura shi shekarun baya daga wata mota dabam, kuma shi kaɗai ya san da wane faranti ya haɗa su. Ustan kuwa yanzu yana Alƙahira, ko Atbara, ko kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Ni ba na cikin masu cewa a bar kowace mota yadda Bature ya ƙera ta. Da an bi tasu, da buhunan sukari da dilolin tufafi masu yawa da suka tashi daga Kasuwar Libiya ta Umdurman ba su taɓa ganin Kurdufan da Darfur ba. Abin da nake kira a kai ƙarami ne, kuɗinsa bai kai na shayin safe ba: duk ustan da ya ɗaura sabon giyabos a bayan tsohon inji, ya bar rubutu a jikin motar, ya faɗi abin da ya sa a tsakaninsu. In bai yi haka ba, aikinsa da saura, ko da motar ta yi lafiya lau.

Ni haifaffen Mai Wurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Tuƙin babbar mota tsohuwar sana'ar mutanenmu ce a nan Sudan. Da karen mota na fara, mai dafa wa direba shayi, mai tonon yashi a ƙarƙashin taya idan an kafe. Daga baya Allah ya hore mini ɗan shago a gefen Kasuwar Libiya, ta wajen da manyan motoci ke lodi. Ita kasuwar ta 'yan sari ce, tufafi da takalma da kayan lantarki da na masarufi. Amma duk inda mota ke kwana tana jiran kaya, gareji kan tsiro, mai walda ya biyo baya, mai shayi ta jera kujerunta, mu masu kayan gyara mu raɓa.

Wanda ke son sanin yadda Sudan ta koyi dashen ƙarfe a jikin ƙarfe, ya dubi Bedford TJ, wadda muke kira Sifinja. A 1958 kamfanin Vauxhall na Ingila ya fara fito da ita. Da ta iso nan, ustocin Shandi da Ubayyid da Umdurman suka riƙa tuɓe ta tsirara har shasi, su ƙarfafa shi, su ƙara mata ganyen sifirin, su ɗaura manyan tankuna da bodin ƙarfe, ta koma ɗaukar abin da masu ita na farko ba su taɓa kawowa a ransu ba. Har wani Bajamushe masanin al'adu na jami'ar Bayreuth, Kurt Beck, ya yi nazari a kan aikin nan, wata ɗaliba a fannin, Valerie Hänsch, ta yi fim a kansa a 2009. Ana nan sai General Motors ya sayar da masana'antar manyan motocin da ke Dunstable a 1987, kamfanin AWD da ya saya shi ma ya durƙushe a 1992. Motoci na kan hanya, gidan da ke yi musu kaya ya rufe. Sai kuma takunkumin Amurka na 1997, wanda ba a ɗage ba sai 2017. Mutumin da aka sa a wannan hali, ko ya jingine motarsa ko ya koyi haɗa na Ingila da na Japan. Namu suka zaɓi na biyu, kuma sun iya.

Kwaɗayin giya ta biyar kuwa kwalta ce ta kawo shi. Sa'ad da hanyar yamma take yashi zalla, ba mai tambayar ta biyar. Giya ɗaya da biyu ake roƙon Allah su daɗe. Da aka shimfiɗa titin da ya tashi daga Umdurman ya bi ta Jabratus Shaikh zuwa Bara, sama da kilomita 300, ga mai kuma ya yi tsada bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, sai kowa ya fara jin kukan injinsa a giya ta huɗu yana ƙirga kuɗin da ke ƙonewa. Giya ta biyar tana sauke juyin inji da kusan kashi ɗaya cikin biyar: wanda ke juyi 3,000 a minti ya dawo wajen 2,400, gudu bai ragu ba. Riba ce ta gaske. Sai dai nakan gaya wa masu tsohon injin dizal na Land Rover mai lita 2.25 cewa dawakansa 62 ne tun yana saurayi, kuma giya ba ta haihuwar doki. In ka yi masa lodin gawayi har sama, ta biyar ɗin ado ce kawai.

To, a nan ne maganar kuloci ta shigo. In inji ango ne giyabos amarya, kayan kuloci 'yan rakiya ne, kuma ba gida ɗaya suka fito ba. Faresha, wato murfin da ke matse faranti, na ɓangaren inji ne, domin a jikin fulawil ake ɗaure shi. Ramukan kusoshinsa da fegunansa dole su zauna daidai da na fulawil ɗin. Boris na ɓangaren giyabos ne, a kan hancinsa yake zamewa. Shi kuwa faranti an raba shi biyu: faɗinsa na bin faresha da fulawil, cibiyarsa na bin sandar giyabos. Ɗauki Land Rover ɗin da na fara da ita. Series III, wadda aka yi daga 1971 zuwa 1985, sandar giyabos ɗinta haƙora 10 gare ta, manya, kaurinta inci ɗaya da kashi ɗaya cikin takwas. Giyabos mai giya biyar da ya zo da samfurin 110, wato LT77, da magajinsa R380 na 1994, haƙora 23 gare su, ƙanana, a kan sanda mai kaurin inci ɗaya. Kamfani ɗaya, faɗin faranti kusan ɗaya, inci tara da rabi, amma ko da guduma ba za ka sa wannan a gurbin wancan ba. Wannan ma 'yan gida ɗaya ke nan. Ina ga an ɗauko giyabos ɗin Toyota ko Isuzu ko Mitsubishi, mai awon milimita, an kai shi bayan injin da aka ƙera da awon inci? Ƙirga haƙora kaɗai ba ya isa. Na sha ganin sanduna biyu masu haƙora daidai wa daida, kauri ya bambanta da abin da ido ba ya kamawa. Farantin zai shiga, har ka ji daɗi, amma yana rawa, kuma kullum aka tashi mota yana cin haƙoran sandar kaɗan kaɗan.

Akwai wani ɗan abu da bai kai murfin kwalba biyu ba, wanda ya fi kowane kashe giyabos: bushin da ke zaune a gindin karanshaf, inda kan sandar ke shiga ya huta. Bayansa na inji ne, cikinsa na giyabos. Babu kamfanin da ya taɓa yin wanda zai dace da haɗin da usta ya ƙirƙiro, sai an je wurin mai injin sassaƙar ƙarfe ya fitar da shi daga tagulla. Mai gaggawa yakan ce a bar shi, ai mota na tafiya ba shi. Tana tafiya kam, wata uku ko huɗu, kan sandar yana lilo a iska, har boris ɗin gaban giyabos ya fara gurnani, mai ya fara tsiyaya a kan faranti. Haka tsawon sandar. Idan aka yanka farantin haɗi mai kauri tsakanin inji da ƙoƙon giyabos, sandar ba za ta kai bushin ba. Idan ya yi siriri, sai ta tokare gindin karanshaf. Alamar a fili take: giyabos zai tsaya saura ɗan yatsa ya ƙi zama. Yaron da bai ƙware ba sai ya sa dogayen kusoshi ya jawo shi da ƙarfin sifana, ya yi murna ya rufe. Ya tura karanshaf gaba ke nan, kuma abin da zai lalace yanzu yana cikin injin, inji kuwa shi ne abin da ba a samun irinsa.

Sai boris da yatsun faresha. Tsofaffin faresha masu yatsu uku ne da sifirin murɗaɗɗu. Na baya-bayan nan faifai ne guda mai yatsu da yawa. Ko a cikin na faifan, wani yatsunsa a miƙe suke, wani an lanƙwasa bakinsu. Ƙa'idar da kowane tsohon usta ya sani ita ce, miƙaƙƙun yatsu da boris mai kumburin fuska, lanƙwasassu da mai shafaffen fuska. In aka saɓa, ko boris ya tona rami a yatsun, ko yatsun su cinye shi. Bayan haka akwai tazara. Ana auna daga fuskar inji zuwa kan yatsu, a auna daga bakin ƙoƙon giyabos zuwa fuskar boris, a debe wannan daga wancan. A tsohon tsari mai sanda ko waya, ana barin kamar milimita 2 zuwa 3, domin yayin da fatar faranti ke cinyewa yatsun baya suke dawowa, suna neman boris. In ba a bar musu wuri ba, kuloci zai fara zamewa tun fatarsa da sauran rai, direba ya ji wari a hawa ya ce an sayar masa da jabu. In kuma tazarar ta yi yawa, ka taka har ƙasa giya ta ƙi shiga, ribas ya yi ta ƙara. Masu haɗa kulocin sama na wata mota da na ƙasa na wata, su ma su sani: babban na sama a kan ƙaramin na ƙasa yana tura yatsu fiye da iyakarsu, ya lanƙwasa faifan, ga feda mai tauri da ke hana direba barci saboda ciwon gwiwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake raina daidaita tsakiya. Tsofaffin giyabos masu haƙuri ne, ko an ɗan karkace sukan jure. Na zamani, musamman masu boris mai tsini a gaba, ba su da wannan haƙurin. Masu ƙera su suna son tsakiyar ƙoƙo kada ta kauce wa tsakiyar karanshaf fiye da kashi 5 cikin dubu na inci, wajen milimita 0.13, kaurin takardar littafi. Kusoshi ba sa riƙe wannan awo, aikin fegu biyu ne. Amma sai ka ga an zana farantin haɗi da alli a kan kwali, an yanka da wutar gas, an faɗaɗa ramuka da zarto har kusoshi suka shiga, fegu kuwa an ce ba su da amfani. Agogon awo da ake maƙalawa a fulawil a juya inji a karanta bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Motar da giya ta biyar ke fita da kanta a kan titi, sau da yawa ciwonta a nan yake, amma giyabos ake zagi.

Idan ba a sami faranti mai faɗin da ake so da haƙoran da ake so ba, akan yanke cibiyar wani a yi wa wani walda. Na san dalilin, na kuma san mutumin da ke tsakiyar daji ba ya jiran kaya daga Sharja. A daji, a yi, Allah ya kai mu gari. A gari kuwa ban yarda ba. Zafin walda na kashe taurin haƙora, kuma da wuya cibiyar ta zauna a tsakiya cif. Ustan kirki yakan huda ribit, ya cire cibiyar da sifirinta gaba ɗaya, ya dasa a ɗayan, ya mayar da ribit, ya ɗora a sanda ya juya ya ga ko tana rawa. Ga kuma wani tarko na zamani. Tun 1985 da kamfanin LuK na Jamus ya fito da fulawil mai hawa biyu da sifirin a cikinsa, motoci da yawa sun koma faranti mai sandararriyar cibiya, ba sifirin ko ɗaya, tunda fulawil ya ɗauke aikin. Mutum zai sayi giyabos, a haɗa masa da farantinsa kyauta, ya ga haƙora sun dace, ya ɗaura a kan tsohon fulawil guntun ƙarfe. Duk bugun da tsohon dizal ke yi sai ya wuce kai tsaye cikin haƙoran giya.

Duk wannan da na zayyana, ustocinmu sun san shi, wasu sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne a ka suke ajiye shi. Kafin yaƙi hakan bai dami kowa ba. Kuloci ya mutu, ka koma wa wanda ya haɗa, ya ɗaga kai ya dubi motar ya ce wa yaronsa, "Je ka wurin Alhaji ka ce faranti kaza, boris kaza." Sai ga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke. Yammacin Umdurman ya faɗa hannun dakarun RSF, Kasuwar Libiya ta zauna a hannunsu kusan shekara biyu, sai 29 ga Maris 2025 sojoji suka ba da sanarwar karɓe ta. A tsakanin nan miliyoyin mutane sun bar jihar Khartum, ustoci na cikinsu. Yanzu da ake dawowa, motocin da ake tayarwa da yawansu tsofaffin nan ne da aka bari a kan duwatsu a tsakar gida, domin su ne ba su tsone wa masu wawaso ido ba. Su ke jigilar bulo da ruwa da kayan masu komowa. Kusan kowacce haɗin gambiza ce, kuma mai ita, wanda sau da yawa magaji ne, ɗan marigayi ko ƙaninsa, bai san komai ba sai sunan da ke goshi. Kuloci kuwa abin ci ne kamar birki, dole wata rana ya ƙare. Ranar da hanyar yamma ta buɗe sosai, a can zai ƙare, inda makanike ɗaya ne a garin, kuma sai ya sauke giyabos kafin ya san abin da zai aika a sayo, sannan a jira motar da za ta kawo.

Rubutun da nake nufi ba na takarda ba ne. Takarda na ƙonewa tare da shago, waya kuma ana ƙwace ta a shingen hanya. Ɗan guntun alminiyom nake so, kamar tafin hannu, a buga masa lambobi da ƙarfen bugu, a kafe shi da ribit a bangon da ke bayan inji, inda duk wanda ya ɗaga bonet zai gani. A sa motar da giyabos ya fito da lambarsa, faɗin faranti da yawan haƙora da kaurin sanda, faresha na wace mota, boris na wace, awon bushin ciki da waje, kaurin farantin haɗi. A sa irin man da giyabos ke sha, don wannan ma ya kashe da yawa: tsohon na Series mai kauri yake sha, lamba 90, LT77 kuwa jan mai ne irin na giyar atomatik, amma yaro na ganin Land Rover sai ya ɗura masa mai kaurin. Lamba ba ta da yare. Wanda ya yi allo, da wanda ya yi boko, da wanda bai yi ko ɗaya ba, duk suna karanta 23. A ƙasa usta ya buga sunansa.

Na yi wa wani dattijo cikin ustocinmu wannan magana, mutumin da ya girme ni, wanda nake ce wa Baba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, in na rubuta, gobe yaron da bai iya riƙe sifana ba zai ci abincina." Ban raina maganarsa ba. Mutum ya yi shekaru yana ɓata faranti da kuɗinsa kafin ya gano wanda ya dace, a ce ya buga shi a allo kowa ya karanta kyauta, da ciwo. Amma ina ganin Baba ya raina kansa. Abin da ke allon sakamako ne kawai. Wanda ya karanta zai iya canza farantin da ya cinye, aikin da shi Baban ma yaransa yake bar wa. Ba zai iya auna zurfi ba, ba zai iya zaunar da fegu ba, ba zai iya duban giyabos a ƙasa ya ce wannan zai zauna da wancan injin ba. Wannan yana hannun Baba, ba allon da zai ɗauke shi. Kuma motar da ta yi shekara biyar tana kai da kawowa ba ta yi gardama ba, da sunansa a bayan injinta, ta fi kowane ɗan kamasho kawo masa aiki.

Mu masu shago ma da namu. Kada mu miƙa faranti don an faɗi sunan mota. A kawo tsohon, ko a ƙirga haƙora a waya muna ji. Kowane shago ya rataye tsofaffin sandunan giyabos a bango, a zura faranti a gwada kafin a karɓi kuɗi. 'Yan'uwana na Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, ku da ke ganin Peugeot 504 da tsofaffin 911 masu kayan cikin wasu motoci, kun san ba labarin Sudan kaɗai nake ba ku ba. Bambancin kawai, ku ustocinku suna nan inda kuka bar su jiya.

Akwai waɗanda za su ƙi allon nan saboda wani dalili da ba za su faɗa ba. An sace motoci ba adadi a yaƙin nan, an farfasa su, kayansu sun bi kasuwannin da jama'a suka laƙaba wa suna kasuwannin Dagalo, da sunan shugaban RSF. Takardar mota tana ɗauke da lambar shasi da ta inji, giyabos ba shi da gurbi a ciki, shi ya sa ya fi komai sauƙin shigewa. Akwai na halal da yawa, masu shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan daga dillalan gwanjo na Sharja, da rasiɗinsu, kuma mai irin wannan ba ya jin nauyin a buga lambarsa a fili. Amma idan aka kawo giyabos fes, da rabin kuɗinsa, an goge wurin lamba da gurinda, na ce a rubuta inda ya fito aka fara kame-kame, to na san ba sirrin sana'a ake karewa ba. Mai irin wannan ba na sayar masa da faranti, ko nawa ya taya.